Ubuntu Ko Ubanta

Daga Dogo zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaishe ki da kyau. Ya aiki, ya kuma hannun naki? Ranar da muka haɗu wajen ta'aziyyar Kawu na ga yatsunki duk sun tsattsage, kika ce ruwan wankin asibiti ne. Ki riƙa sa safar hannu ko da tana rage miki sauri. Ni lafiya lau nake, sai ciwon bayan zaman kujera, wanda ba ya kwantar da mutum, ba ya kuma barinsa.

Kafin ranar, rabona da ke tun ina ɗan firamare. Da ba ki ce "wannan ba jikan Inna ba ne?" ba, da na wuce ki ban gane ba. Kakata da kakanki ciki ɗaya suka fito, amma ga shi sai da aka gabatar da mu kamar baƙi.

Ga saƙo nan a hannun mai motar da ke zuwa wajenku. Kwamfuta ce irin ta ɗorawa a cinya, ta 'yarki Shalele. Ta gaya mini bana za ta rubuta jarabawar shiga jami'a, da kwamfuta ake yi, su kuma a makarantarsu layi ake bi kafin mutum ya taɓa guda. Tsohuwa ce, batirinta ba ya riƙe wuta, a bar ta a jone. Na zuba mata tambayoyin gwaji a ciki, ba sai da intanet ba.

Kada ki wahalar da kanki da godiya. Ba saya na yi ba, ba ni aka yi in san inda zan kai ta.

Ƙaninki,
Dogo

Daga Yaya zuwa ga Dogo

Wa'alaikumus salam.

Saƙo ya iso, ba abin da ya fashe. Muna lafiya. Hannu da sauƙi. Safa ana ba mu, amma wanda bai taɓa matse zanen gado da ita ba shi ke ba da shawararta. Babban injin wankinmu ya tsaya tun watan jiya, ana jiran mai gyara. Ciwon baya kuma ka riƙa tashi kana taka ƙasa, ba tsufa ka yi ba.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Shalele ta ɗora abin a kan teburin guga ta jona shi. Ina tsaye a bayanta, tabarau ɗina na baro shi a wurin aiki. Allon ya yi haske, sai ga kalma ɗaya a tsakiya. Na karanta a fili, na ce, "Ubanta?"

Ta ce, "Umma, ba haka ba ne. Dubi, u ce a tsakiya, u ce a ƙarshe."

Na ce, "Wanda ya rubuta ai ba malami ba ne. Ubanki ko sunansa bai taɓa rubutawa daidai ba."

Sai na koma na ɗauko takardarka. Ka ce ba saya ka yi ba, ba ka aka yi. Wa ya ba ka? Ba ka faɗa ba. Kusa da kalmar kuma akwai wani zagaye, maƙwabciyata da ta leƙo ta ce mutum uku ne suka riƙe hannun juna. Mutum uku, Dogo. Ni ba yarinya ba ce.

Kana ƙarami lokacin, wataƙila ba ka san labarin ba. Uban Shalele direban tanka ne. Ya fita aiki Shalele tana koyon tafiya, yaron motarsa ne ya kawo mini takardar saki. Daga ranar ko sabulu bai taɓa aiko mata ba. Ban kai ƙararsa ba, ban je wajen danginsa ba, ban kuma zage shi a gabanta ba. Na dai rufe bakina na kama aiki. An ce mini motarsa ta wajenku take bi yanzu. In ya same ka ya roƙe ka, ban ga laifinka sosai ba, kai mutum ne mai jin nauyin mutane. Amma da ka tambaye ni tukuna.

Na naɗe kwamfutar a tawul na sa a akwati, na tura ƙarƙashin gado. Shalele ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin katifa ta ce, "Umma, wai shi wane irin mutum ne?" Ba ta taɓa tambayata ba sai ranar. Na yi magana fiye da yadda na yi niyya. Har na gaya mata yana da waƙa a baki in yana wanke mota, abin da ni kaina na ɗauka na manta.

Kada ka kira waya. Wayar gidan a hannunta take yini, ɗakin namu kuma ɗaya ne, tari ma ba ya ɓuya. Ka rubuto ka ba mai motar. Amsa ɗaya nake so, shi ne ko ba shi ba ne.

Yayarka

Daga Dogo zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina fatan kun tashi lafiya ke da Shalele. Allah ya kawo mai gyaran injin. Na bi shawararki, yanzu ina zagaya ɗakin kwamfutocin a ƙafa, ɗalibai sun ɗauka sa ido nake yi.

Ba shi ba ne. Na sa wannan a gaba don kada ki sha wahalar nema.

Da na karanta takardarki dariya ta fara kama ni, sai na kai inda kika ce akwati, dariyar ta tsaya. Mutumin nan ban taɓa ganinsa ba, ko mun zauna a benci ɗaya ba zan san shi ba. Kwalejin da nake wa aiki ce ta sayi sababbin kwamfutoci, tsofaffin aka jibge su a sito suna cin ƙura. Shugaban sashenmu ya ce duk ma'aikacin da zai iya tayar da guda ya ɗauka ya ba wanda za ta amfana. Na haɗa uku na fitar da ɗaya mai rai. Abin da nake nufi ke nan da ba ni aka yi. Na gajarta magana ne don kada ki ji nauyi, ashe nauyin na ƙara.

Kalmar kuma Shalele ce ta karanta daidai. Ubuntu ce. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, ita ke karɓar abin da aka danna, ita ke buɗe komai ta rufe. Na so in ce kamar direba take a mota, amma na ga ba lokacin wannan misalin ba ne. Ki ɗauke ta kamar shugabar ɗakin wankinku, wadda in ba ta nan ba wanda ya san zanen da zai fara shiga ruwa. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, wasu sai an biya. Wannan kyauta ce, kuma ba ta fi ƙarfin tsohuwar na'ura ba, shi ya sa na sa ta.

Sunan ba Turanci ba ne. Kalma ce ta harsunan Zulu da Xhosa, ma'anarta ta yi kusa da abin da muke cewa mutuntaka, wato kyautata wa mutane don su mutane ne. Suna da magana cewa mutum ba ya zama mutum sai ta dalilin mutane. Waɗanda suka yi manhajar sun zaɓi sunan ne saboda mutane da yawa ke sa hannu a aikinta, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, kuma kowa na iya ɗauka ya ba wani. Zagayen nan maƙwabciyarki ta gani daidai, mutum uku ne riƙe da hannu. Amma haka yake a kan kowace kwamfutar da ke da manhajar, har ta kan teburina. Ba ku ba ne.

Ki fito da ita daga akwati. Jarabawa ba ta jiran kowa, yatsu kuma sai sun saba.

Ƙaninki,
Dogo

Daga Yaya zuwa ga Dogo

Salamu alaikum.

Muna nan lafiya, sai mura da ta kama Shalele ta sake ta. An gyara injin, ya yi kwana biyu ya sake tsayawa. Ina fatan kai ma kana lafiya, tunda ba ni da hanyar sani.

Na jira amsarka har na daina leƙa tasha. Mai motar ma ban ƙara ganinsa ba. Na ce to, shiru ma magana ce. Da ba shi ba ne, da ka rubuto a ranar.

Ranar hutuna na ɗauki kwamfutar a tawul ɗinta na tafi wajen wan uban Shalele. Yana nan inda na san shi, yana faci a bakin babban titi, sai dai gemu ya yi fari. Rabona da wajen tun ina goyo. Ya miƙe yana ta gaisuwa yana neman kujera. Na ajiye masa a kan taya na ce, "A mayar wa mai ita. Ka ce masa mun gode, ba mu buƙata." Ya buɗe baki, ban tsaya ji ba.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da mutum a ƙofar ɗakinmu da tawul ɗina a hammata. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Ya yi ƙiba, gashi ya zube, yana ɗan ɗingishi. Shalele tana tsaye daga ciki ta riƙe labule.

Na ce, "Kai ka aiko da wannan?"

Ya dubi kwamfutar, ya dubi yarinyar. Ya ce, "To, ai 'yata ce."

Na ce, "Yau ka sani?"

Ya ce, "Ki yi mini duk faɗan da za ki yi, na cancanta. Amma kada ki hana ta karatu saboda ni."

Shalele ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta gode. Ya ce ba komai, Allah ya yi albarka. Ban ce ya shiga ba. Ya zauna a bencin tsakar gida, maƙwabta suna ta wucewa ɗibar ruwan da ba sa buƙata. Ya tambaye ta ajinta nawa, me take so ta karanta. Ta ce ilimin haɗa magunguna. Ya ce madalla, kamar ya san mene ne. Bai daɗe ba ya ce mota na jiransa.

Na bar mata kwamfutar. Ba don shi ba, don na ga lokaci na tafiya. Kullum in ta dawo makaranta tana kan teburin guga tana ƙwanƙwasa, guga kuma sai a ƙasa nake yi. Da farko da yatsa ɗaya take nema kamar kaza na tsintar tsaba, yanzu hannun ya fara sakewa.

Ban rubuto don in yi maka faɗa ba. Abin da ya faru ya faru. Na dai so a ce daga bakinka na ji, ba daga nasa ba.

Yayarka

Daga Yaya zuwa ga Dogo

Dogo, salamu alaikum. Lafiya muke.

Jiya mai motar ya zo har asibiti yana ba ni haƙuri. Motarsa ce ta lalace a hanya, ta daɗe a gareji, takardarka tana cikin aljihun gaba tare da takardun mota. Duk ta sha baƙin mai, amma ana karantawa. A ɗakin wanki na karanta ta, a tsaye, wannan karon da tabarau. Layin farko ya ishe ni, amma na kai ƙarshe. Sai na ninke na ci gaba da shanya, don ba wanda zai yi mini.

Ka yafe abin da na rubuta a waccan. Ina jin ta riga wannan isa.

Wato ni na ɗinka wa uban Shalele rigar, na kai masa har wajen wansa, shi kuma ya ga ta yi masa daidai ya sa. Da na tuna, bai taɓa cewa "ni na aiko" ba. Cewa ya yi 'yarsa ce. Ko a da haka yake, ba ya ƙarya ƙiri-ƙiri, sai dai ya tsaya kusa da ita.

Ya sake zuwa makon jiya. Ya kawo mata jakar saka kwamfuta, ta yi mata girma, amma ta rataye ta a ƙusa inda za ta riƙa gani. Ya ce ranar jarabawa shi zai kai ta. Ban ga tana rawar kai ba, ka san ta ba ta da hayaniya, amma ranar ta gyara ɗakin ba a sa ta ba.

Jarabawar ta kusa. In na gaya mata yanzu, ban san abin da zai yi wa karatun ba. In na yi shiru, na bar wani yana cin godiyar da ba tasa ba, a ƙofar ɗakina, ina kallo. Kai ka yi wahalar, kai ke da ta cewa.

Kuma me ya hana ka kira waya da ka ji shiru?

Yayarka

Daga Dogo zuwa ga Yaya

Wa'alaikumus salam, Yaya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Allah ya sa ta biyun na fara buɗewa. Ina lafiya. Wannan ta hannun wani abokin aikina na ba da ita, a hannunki zai sa.

Ke kika ce kada in kira. Na ɗauka shirun naki na jin kunya ne, na ce bari in bar ki ki huce. Kowa ya karanta shirun ɗan'uwansa ba daidai ba.

Ba zan ce abin bai taɓa ni ba. Hutun mako guda na ɓata ina ciro maɓallai daga wata ina dasa wa wata. Amma ba don a ambace ni na yi ba, don ta ci jarabawa ne. Ki bari ta rubuta tukuna. Bayan nan 'yarki ce, ke kika san lokacin da za ta iya ɗauka. Abu ɗaya kawai, in ta tambaye ni da bakinta, ba zan ɓoye mata ba.

Ranar jarabawar kuma ki nemi hutu a wurin aiki. Ko ya zo ko bai zo ba, ki shirya kamar ke za ki kai ta.

Ƙaninki,
Dogo

Daga Shalele zuwa ga Kawu Dogo

Assalamu alaikum, Kawu.

Ina gaishe ka da girmamawa. Ya aiki, ya bayan naka? Umma tana gaishe ka. Hannunta ya yi sauƙi sosai tunda aka kawo musu sabon inji. Ni ma lafiya lau.

Na rubuta jarabawar. Sakamako bai fito ba, amma na gama kafin lokaci ya cika. Wadda ke kusa da ni sai da aka nuna mata yadda ake matsar da kibiya. Tambayoyin da ka zuba mini sun yi amfani ƙwarai. Na gode, Kawu, Allah ya saka da alheri.

Umma ta ce in rubuto maka da kaina, don mun yi magana.

Tun ranar farko na san kai ne. Wurin da ka ajiye tambayoyin ka sa masa suna "na Shalele". Babana bai san ana kirana haka ba. Ranar da ya fara zuwa, da Umma ta kira ni, sai da ya waiga yana neman wa ake nufi. Kalmar ma na tambayi malaminmu na kwamfuta washegari, ya gaya mini ma'anarta. Na faɗa wa Umma sau ɗaya cewa ba haka ake karantawa ba, ba ta saurare ni ba. Da ta fara ba ni labarinsa sai na yi shiru, don tun da nake ban taɓa jin ta ambace shi ba.

Zuwansa na biyu na kunna kwamfutar a gabansa na ce, "Baba, mene ne ma'anar wannan sunan?" Ya matso ya daɗe yana kallo, ya ce sunan Baturen da ya ƙera ta ne. Na ce to. Ban ga amfanin in kunyata shi ba.

Ranar jarabawa ya zo, a motar haya, har ya riga mu shiryawa. Ya raka mu bakin ƙofar wurin, ya ce in yi addu'a kafin in taɓa komai. Da na fito ba ya nan, an kira shi lodin tanka. Umma ce zaune a inuwar katanga da takalmanta a hannu. Tun ranar bai dawo ba. Wansa ya ce an canza masa hanya.

A hanyar gida Umma ta fara kame-kame, tana cewa akwai maganar da take so mu yi in na huta. Na ce, "Umma, in ta kwamfuta ce, na sani." Ta tsaya cak a gefen titi. Ta ce, "Kin sani kika bar ni na kwashi ƙafa har wajen mai faci?" Na ce, "Ina so in ga fuskarsa ne." Muka ci gaba da tafiya har gida. Da muka shiga ta ce, "To, kin gani?" Na ce na gani. Ta ce in ɗauke kwamfutar daga kan teburin, tana da guga.

Ba na fushi da shi, Kawu, ba na kuma jiransa. In ya zo zan gaishe shi.

Wannan takardar a kwamfutar na buga ta, na kai shago aka fitar mini. Sai dai na neme su ƙ da ɗ da ɓ na rasa. Duk ƙugiyar da ka gani a nan da biro na bi na sa ta ɗaya bayan ɗaya, har hannuna ya gaji. Malaminmu ya ce ana iya sa su amma bai san yadda ake yi ba. Don Allah in za ka rubuto ka koya mini.

'Yarka,
Shalele